Kiwon Tantabara a Birni: Kare Su daga Hayaƙi, Dalma da Zare

Tsuntsu ya fi mutum saurin jin gurɓatacciyar iska. Bayan huhu, yana da wasu jakunkunan iska a ƙirji da ciki, kuma iskar tana ratsa huhunsa lokacin shaƙa da lokacin fitarwa. Shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari har zuwa 1986, in ya faɗi su fice. Hayaƙin da zai sa ka tari kawai yana iya kashe tantabara a dare ɗaya.

Saboda haka ka fara da mazauni. Kada ɗakinsu ya haɗa bango da janareta, murhun itace ko inda ake ƙona shara, musamman leda da taya. Ka lura da inda iska ke kaɗa hayaƙin salansa da dare, ka kai ɗakin ɗaya ɓangaren. Ka buɗe kafar iska a sama kusa da rufi, ka sa mata raga. Da hunturu a rataya buhu ta gabas da arewa don tare ƙura, amma kada a toshe ko'ina. Gwaji mai sauƙi: sunkuya ka sa fuska daidai inda suke kwanci. In zarnin kashi ya sa idonka yaji, su ma yana ƙona musu maƙogwaro. A kankare kashin sau biyu a mako, a yayyafa ruwa kafin shara, mai sharar ya rufe hanci.

Dalma ce mugun abin, domin ba ta da wari. A 2010 a Zamfara, agwagi ne suka fara ɓacewa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare kafin a gane dalmar da ke cikin dutsen ce ke kashe yara. A birni tana fitowa daga tsohon fenti mai ɓarewa da ƙasar wajen masu fasa batir. Tantabara takan tsinci tsakuwa don niƙa hatsi a ƙundunta, ta haɗa da ɓarɓashin dalma, ƙundun ya yi ta niƙa shi yana sakin guba cikin jini. Za ka ga kashi kore shar, fiffike ya saki, tana tangaɗi, ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kanwa ba ta maganinsa. Kuma in tsuntsayen gida sun nuna haka, a kai yaran gidan a gwada jininsu. Rigakafin shi ne ka ajiye musu tsakuwarsu: yashin rafi wankakke da dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa.

Babbar tantabara tana cin hatsi kamar giram 30 a yini. A ba su dawa, gero da ɗan wake kafin a sake su, don kada yunwa ta kai su bola. Hatsin da ya yi fumfuna a zubar, yana lalata hanta da huhu. Ruwa a canja kullum a wanke mazubin, in ba haka ba kwata za su nufa. Ciwon nan mai sa rawayan abu kamar cuku a baki yana yaɗuwa ta shan ruwa a mazubi ɗaya, don haka duk wadda ya kama a ware ta.

Sai ƙafa, wadda yawancin masu kiwo ba sa dubawa. Zaren teloli da gashin kanti na shagon kitso suna naɗe yatsa, su datse jini har yatsan ya guntule. Duk mako ka kama su ɗaya-ɗaya ka buɗe yatsun. In zare ya nutse cikin nama kada ka fizga. Jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka ɗago zaren da bakin allura, ka yanke da ƙaramin almakashi, sannan ka shafa aidin. Yatsan da ya riga ya yi baƙi ya mutu, zai faɗi da kansa, sai dai a kula kada wurin ya yi ruwa.