Yadda Ake Gane Kalmar Staunch da Amfani da Ita

Mai son ya riƙe kalmar staunch ta Turanci ya fara daga ruwa. Asalinta estanche ne na tsohon Faransanci, wato abin da ba ya yoyo. Tana cikin tarin kalmomin Faransanci da suka kwararo cikin Turanci bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, ko da yake a matsayin siffa sai a ƙarni na 15 ta bayyana. Jirgin ruwan da aka toshe duk kafofinsa ake kira staunch. A ƙarni na 17 ne aka ɗora ta a kan mutum, wanda ba a samun kafar shigarsa a juya masa ra'ayi. Har yau Faransawa na cewa étanche ga agogon da ruwa ba ya shiga.

Furucinta "stonc" ne, da c irin ta "ci", ba k ba.

In ka ci karo da ita, duba abin da ke biye. Idan sunan mutum ne kamar supporter, ally ko defender, siffa ce: staunch supporter shi ne magoyin baya na gani-kashe-ni. Idan kuwa jini ne ko wani abu mai zuba, aikatau ce, kuma tsohuwar ma'anar ce ta dawo: staunch the bleeding na nufin tsayar da jini. Amurkawa sukan rubuta wannan aikatau stanch, babu harafin u, don haka kada ka ɗauka kuskuren bugu ne.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne fassara ta da "mai biyayya". Biyayya bin umarni ne, staunch kuwa tsayuwa ce daram. Shi ya sa ake cewa staunch opponent, ɗan adawar da ba ya saukowa, alhali ba wanda yake yi wa biyayya. Kada kuma ka sa ta a gurbin stubborn, don wannan taurin kai ne, zargi ne.

Takwararta steadfast gadon tsohon Turanci ce, daga stede, wuri, da fæst, kafaffe. Ita ta fi zama bayan aikatau, kamar remained steadfast. Staunch ta fi son gaban suna, in kuma aiki za ka siffanta sai ka ce staunchly.