Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kama Hayar Shago a Maraɗi

Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Mutum ya tara jari da guminsa, ya samu shago a Sabon Gari ko gefen babbar kasuwa, ya ƙirga kuɗin wata shida ya miƙa, ba takarda ba shaida. Ka yi masa magana ya ce, "Ai Alhaji ba ya cuta ta." Gaskiya ne. To ran da Alhaji ya sayar da gidan fa? Doka ta ce sayarwa ba ta kashe haya, sabon mai gida shi zai ɗauki sharuɗɗan da ya tarar. Amma da me za ka nuna abin da kuka shirya? A rubuta, kuma kowane biya a karɓi rasit.

Dokar da ke aiki a Nijar kan hayar wurin sana'a ita ce ta OHADA, wato ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, an kuma sabunta dokar a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Takardun haya da Faransanci ake rubuta su, mu kuma sai mu sa hannu saboda kunya. Kai wa lauya ya karanta maka tun kuɗinka suna aljihu.

Inda aka fi yin asara shi ne sabunta haya. Wanda ya shekara biyu yana sana'a a wuri bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa, kuma in mai gida ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sai ya biya diyya. Sai dai in hayar mai wa'adi ce, dole ka nemi sabuntawa a rubuce, ta hannun ma'aikacin kotu mai kai sammaci ko wata hanya mai barin shaida, aƙalla wata uku kafin wa'adin ya cika. Ka wuce ranar, haƙƙin ya faɗi. Wani tela maƙwabcina haka ta same shi. Shekara shida a wuri ɗaya, duk unguwa an san ƙofarsa, da baki kawai ya faɗa wa mai gida. Ina tsaye aka ɗora kekunansa uku a kura, yana riƙe da allon shagon a hammata. In hayar ba ta da wa'adi, mai son rabuwa sanarwar wata shida zai bayar.

Sai gyara. Rufi, manyan bango da shadda na mai gida ne, don haka kada damina ta sa ka zuba kuɗinka a kwano ba tare da ya amince a rubuce ba. Haka in za ka ƙara rumfa. Ba wa ƙanenka rabin shago haya kuwa haramun ne a doka, sai in takardar ta yarda.

Masu gida ma suna kuskure. Ɗan haya ya yi jinkirin biya, sai a wayi gari an garƙame ƙofa da kwado. Ba haka ake yi ba, ranka ya daɗe. Takardar gargaɗi za ka aika masa, ka jira wata guda, in bai biya ba ka tafi kotu, ita ce mai ikon fitar da shi.