Darasi na 7: Idan Bireka Tana Yawan Faɗuwa

Wata maƙwabciyarmu ɗanta ya aiko mata da injin markaɗe daga Amurka. Wutar can bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Don haka ta sayi sitef-dawun, ɗan akwatin nan mai nauyi da ke rage ƙarfin wuta. Tana jona shi sai ƙas! Bireka, makunnin nan da ke yanke wuta da kansa idan an sami matsala, ta faɗi, gida ya yi duhu.

Ta kira mai wayarin. Tambayarsa ta farko ita ce: "Hajiya, yaushe take faɗuwa? Da kin jona, ko sai an jima?"

Ku riƙe wannan tambaya, domin rabin gyaran yana cikinta.

Idan da jonawa ne, galibi sitef-dawun ɗin ne. A ƙiftawar farko yana zuƙar wuta mai yawa kafin ya daidaita. Bireka mai alamar B ba ta da haƙuri da wannan zuƙa, mai alamar C ta fi ta jurewa. Idan kuma sai an jima, kaya ne suka yi wa layin yawa. A kashe komai, a riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifin. A duba kuma wat ɗin da aka rubuta a jikin sitef-dawun, dole ya fi na injin.

Akwai wata bireka mai ɗan maɓallin gwaji a jikinta. Ita yoyon wuta take gadi, ta gida kan faɗi da yoyon miliamfiya 30 kacal. Idan tana lafiya da wutar NEPA amma tana faɗuwa da janareta ko inbata, a duba canji-oba, makunnin da ke sauya gida daga NEPA zuwa janareta ko inbata. Ya kamata ya sauya waya biyu tare, mai wuta da ta dawowa. Sau da yawa an haɗe wayar dawowa da wayar ƙasa a wurin da bai dace ba, sai wuta ta raba hanya, birekar ta ɗauka yoyo ne ta faɗi. Wannan aikin gwani ne, kada ku sa hannu.

Wayar ƙasa ita ce kore da ruwan ɗorawa, tana tafiya zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. Da rani ƙasa kan bushe, aikin sandar ya ragu. In jikin firij ya fara jan hannu, a cire shi, a kira mai gyara ya auna.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu cire bireka su sa babba don a huta. Wayar cikin bango ce za ta yi zafi har ta kama. Haka masu cusa wayar janareta a soket: wutar kan bi layi ta koma waje, ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya.

Aikin gida: je ka duba birekar gidanku ba tare da ka buɗe komai ba. Rubuta harafi da lambar da ke jikinta, ka zo da su aji.