Yadda ake zana taswira da ƙirƙirar yare kafin ka fara labarin almara

Shekara da shekaru ina karanta labaran yaƙi da na aljanu da 'yan uwa marubuta ke sakewa a guruf-guruf na WhatsApp a nan Gombe, kuma wallahi da yawa suna da basira, sai dai abu ɗaya ke kayar da su, ba su san ƙasar da suke ba da labarinta ba. Sai ka ga birni yau yana gabas da dutse gobe ya koma yamma, sunaye kuwa an kwaso rabi daga Larabci rabi daga fim ɗin Indiya an gwamutsa, uba Zulƙarnu ɗansa Rajkumar. Toh ga yadda nake yi tun bayan da na sha wahala a kai.

Da farko ka nemi farin kwali irin wanda ɗalibai ke saya, da fensir da kilina da rula. Kada ka taɓa fara zane da biro. Akwai manhajoji na zana taswira a intanet amma cin data gare su, wasu masu kyan kuma sai ka biya da dala, ni dai ban ga abin da kwali ya kasa yi ba. In ka gama ka ɗauki hoto da waya shikenan.

Abin da za ka fara sawa shi ne tudu, sannan ruwa, gari ne na ƙarshe. Masu koyo sukan fara da fadar sarki a tsakiyar takarda, kuskure ne. Zana duwatsunka tukuna don daga nan koguna ke saukowa, kuma kogi haɗuwa yake yi da ɗan'uwansa yana ƙara girma, ba ya tsagewa gida uku a tsakiyar daji haka kawai. Dubi kogin Gongola, daga tsaunukan Filato ya taso ya yi arewa maso gabas ta cikin Bauchi, ya kai wajen Nafada ya lanƙwaso kudu, ya bi ta Dadin Kowa har ya faɗa Binuwai a Numan. Kwana ya sha sosai, amma gangare yake bi. Naka ma haka zai yi. In ka samu ruwa sai ka ajiye garuruwa a kusa da shi, ai Gombe Abba da Nafada duk a bakin Gongola suke, ba wanda ke kafa birni inda dabba ba za ta sha ruwa ba. In kuma kana son gari a kan dutse irin na Tula, to ka san dalilin hawansu, tsoron mahara ne ko me, kuma daga ina matansu ke ɗibar ruwa.

Yanzu ga inda na faɗi, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu, wato tazara. Labarina na farko na kai shafi na 40 ina sakewa kullum da daddare. A shafi na 12 jarumina ya yi kwana tara daga birni zuwa dutsen da aka ɓoye takobin, da ƙishirwa da mutuwar doki da komai, masu karatu har da masu kuka. A shafi na 40 na aiki manzon sarki wannan dutsen bayan sallar asuba ya je ya dawo kafin la'asar. Wata baiwar Allah ce ta rubuto tace Malam dan Allah dutsen ne ya matso ko kuwa manzon aljani ne ba ka faɗa mana ba. Na kwana biyu ban yi rubutu ba don abin ya dame ni, duk wahalar jarumin nan ta tashi a banza, sai da na koma na sake rubuta shafuka bakwai.

Maganin abin shi ne ma'auni a gefen kwalinka, amma kada ka rubuta shi da kilomita, rubuta shi da zango, yadda fatake ke lissafi. Ja ɗan layi kamar faɗin yatsa biyu ka ce wannan tafiyar yini ɗaya ce a ƙasa. Mutum mai lafiya ba kaya yana iya kilomita 30 a yini, ayari da jakuna da mata da yara bai kai haka ba, doki kuma in ba kashe shi kake son yi ba ka barshi a 40 zuwa 50. Don ka ji abin a jikinka, Gombe zuwa Bauchi wajen kilomita 150 ne, a mota awa biyu da ɗoriya, amma a ƙafa kwana biyar ne cur, ayari kuwa mako guda. Mu da muka tashi da mota ƙwaƙwalwarmu ba ta san nisa ba, shi ya sa muke aika runduna ta dubu goma ta ratsa daula a dare ɗaya.

Kuma kada ka auna da rula a miƙe, ba wanda ke tafiya kamar tsuntsu. Ɗauki zare ka bi da shi ta kan hanyar yadda ta karkace, ta zagaye dutse ta nemi mashigi, sannan ka miƙar da zaren ka ƙirga zango nawa ne. Duk inda hanya ta hau tudu ka ninka kwanakin. Duk inda ta ƙetare kogi ka tambayi kanka rani ne ko damina, don kogin da yaro ke tsallakawa a watan Maris shi ne zai tsare sarki da rundunarsa a Agusta su zauna jiran kwalekwale. Wannan kaɗai ya isa ya ba ka babi guda kyauta, ni a nan na samu inda aka ci amanar jarumina, a bakin ruwa suna jira. Bayan haka ka buɗe bayan littafinka ka yi jeri, gari kaza zuwa gari kaza kwana kaza, duk sanda za ka tura wani tafiya sai ka leƙa. Ni ba na rubuta kalmar "suka isa" sai na duba jerin nan.

Sai yare. Mutane na jin labarin Tolkien, malamin nan na jami'ar Oxford a Ingila, da ya ƙirƙiri harsunansa kafin ma labarin, ɗaya ya ɗora shi a kan amon yaren Finlan ɗaya a kan na Welsh, sai su ce su ma sai sun yi ƙamus. Shi aikinsa kenan nazarin harshe, shekaru ya kwashe. Kai kalma 30 zuwa 40 ta ishe ka, kuma yawanci don sunaye ne. Zaurance ba yare ba ne, juya Hausa baibai ma ba yare ba ne, masu karatu na ganewa nan take.

Zaɓi baƙaƙe kamar goma da wasula huɗu wa kowace al'umma ka tsaya a kansu. A labarina mutanen dutse na ba su irin su g, d, kw, r, mutanen bakin ruwa irin su l, m, s, t. Sannan ka ƙirƙiri kalmar ruwa, dutse, gari, sarki, ɗa, babba, ƙarami, fari, baƙi. A wurina mel ruwa ne, tai gari, sai ga Meltai, sil fari ne, sai ga Siltai, mai karatu bai san ma'ana ba amma kunnensa ya san 'yan ƙasa ɗaya ne. Haka ainihin sunaye suke, in ka ji Wuro ko Mayo ka san Fulani sun zauna a wurin, in ka ji Tudun ko Birnin ka san Hausa ce, ƙofofin ganuwar Bauchi ma irin Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun sunan inda suke fuskanta suka ɗauka. Mu da muke zaune cikin Tangale da Tera da Waja da Bolewa ba mu da uzurin aro daga Indiya, ka je kasuwa ka kasa kunne ka ji amo, amma kada ka kwashi kalmomin mutane ka liƙa wa matsafa da mugaye, cin fuska ne.

Ƙa'idar jam'i ɗaya ta isa, ba sai ka yi irin na Fulfulde ba inda gorko ke komawa worɓe. Kowane suna ka faɗe shi da ƙarfi sau uku, in harshenka ya sarƙe ka jefar, musamman yanzu da ake karanta littattafai a YouTube. Gaisuwa ɗaya, rantsuwa ɗaya, kirarin sarki ɗaya, su za ka riƙa sawa a bakin mutanenka, sauran maganar ka barta da Hausa. Taswirar kuma ka tura wa masu karatu hotonta tare da shafin farko, amma ka goge wuraren da ba ka so a sani tukuna, na ainihin ka manna shi a bango inda kake rubutu.