Babi na 6: Ciyawa, taki da ƙananan halittun da ke cikin ƙasar gona

Darasi na 1: Ƙasa tana da rai

Iyayena da 'yan'uwana, barkanmu da sake haɗuwa. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna kada ya damu, ya ɗora yatsa ƙarƙashin layi ya bi a hankali. Wanda ya iya, ya karanta wa na kusa da shi da ƙarfi.

Kowa ya zo da ƙasa dunƙule biyu. Ɗaya daga gindin gawo ko inda shanu suka kwana bara, ɗaya daga fako, irin wuraren nan da ake gani a hanyar Garwa zuwa Marwa, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Ku shinshina. Ta gindin gawo baƙa-baƙa ce, tana marmashewa a hannu, tana ƙanshin ruwan farko. Ta fako fara ce, ga tauri, ba ƙanshi. A cikin ta farkon akwai halittu masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Masana sun ce waɗanda ke cikin babban cokali ɗaya na ƙasa mai lafiya sun fi mutanen duniya yawa, alhali mutanen duniya sun kai biliyan 8 tun shekarar 2022.

Masara ba ta cin kashin shanu kai tsaye. Waɗannan halittu ne ke cinye kashi da kara da ganye, su mai da su abin da saiwa za ta iya sha. Wasunsu dangin fumfuna ne, farin zare siriri da ke manne wa saiwa yana jawo mata ruwa da abinci daga nesa. In kana son ganin gidan wasu, ka tuge wake ko gyaɗa lokacin fure. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, suna nan suna aiki, suna ɗebo sinadarin naitirojin daga iska, wanda kake biyan sefa ka saya a buhun yuriya.

Abin da suke bukata shi ne abinci, da laima, da iska.

Darasi na 2: Ciyawar da ba ta mutuwa da rani

A Turai da Amurka ana shuka wasu manyan ciyayi musamman don makamashi, a yanke a ƙona a samu wutar lantarki ko a sarrafa su zuwa man mota. Ɗaya daga cikinsu ana ce mata miskantus. Mu ma muna da danginsu: gamba da muke saƙa zana da ita, da jema, da ciyawar giwa da ake yanka wa shanu a fadama.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne saiwarsu. Dawa da masara wata uku ko huɗu suke yi a gona, a girbe, saiwar ta mutu. Gamba kuwa ko samanta ya bushe, gindinta yana raye har damina ta dawo. Saiwar jema tana iya nutsewa har mita 3. Saiwa mai rai tana tsatso wani ruwa mai zaƙi cikin ƙasa, halittun nan su sha su yaɗu, ga tsofaffin saiwoyi suna ruɓewa su zame musu abinci. Shi ya sa gonar da aka bar wa gamba shekaru take dawowa da ƙarfi. Manoman auduga da suka yi aiki da malaman gona na SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, sun san wata ciyawa, barakiyariya, da ake shukawa tsakanin layukan dawa ko masara don ta rufe ƙasa. Dalilin ɗaya ne.

Amma ku lura. In kullum yanka kake ka kwashe, ka ƙona ko ka sayar, ba ka mayar da komai, gamba ma za ta tsotse ƙasa. Ciyawa ta tafi turke, to kashin ya dawo gona. Kuma don Allah a daina cinna wa gona wuta da sunan shara. Abincin halittun nan kuke ƙonewa, ku bar ƙasa tsirara a zafin watan Maris da Afrilu.

Darasi na 3: Ramin taki

Wannan darasi shi ne zuciyar babin, a natsu.

Nemi inuwa, kusa da rijiya ko inda ruwa ba zai yi maka wuya ba. Haƙa rami: tsawo mita 2, faɗi mita 1, zurfi mita 1. Wanda ba shi da abin awo, mita ɗaya kamu biyu ne na babban mutum, kamu kuwa daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa.

Sassara busasshiyar ciyawa da karan dawa gutsi-gutsi, kada su wuce tsawon tafin hannu. Shimfiɗa su a ƙasan rami, kaurinsu kamar dani ɗaya. Zuba ruwa. Ɗora kashin shanu ko na awaki, kaurin yatsu huɗu. Barbaɗa toka kaɗan, da ƙasar gindin gawo tafi biyu, domin ita ce ke kawo halittun. Leda, da kwalba, da mataccen batir ba sa shiga ramin nan, a tsince su. Sake zuba ruwa.

Yanzu tsaya. Kafin ka ɗora wani hawa, gwada laima. Ga yadda ake yi. Sa hannu ka damƙo daga tsakiya, ba daga sama ba. Matse da ƙarfi. Buɗe hannu ka duba.

In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu yana tsiyaya, ya yi yawa. Ƙara busasshiyar ciyawa.
In ka buɗe hannu ya warwatse, tafinka a bushe, ya yi kaɗan. Ƙara ruwa.
In ya dunƙule ya tsaya, tafinka ya jiƙe, ɗigo ɗaya ko biyu kawai ya fito, to ya yi daidai. Kamar tsumman da aka wanke aka matse.

Mu faɗa tare: damƙa, matse, buɗe. A sake. Damƙa, matse, buɗe. Madalla, Inna, haka ake yi.

Me ya sa nake nanata wannan? Saboda a nan kusan kowa yake faɗuwa. Ramin da ya bushe, halittun sai su kwanta, ka dawo bayan wata uku ka tarar da kara yadda ka zuba shi, sai dai gara ta ci rabonta. Ramin da ruwa ya yi wa yawa kuma iska ba ta shiga, sai ya yi wari, ya yi yauƙi, amfanin takin ya gudu. Duk biyun asara ce, kuma hannu ne kaɗai zai gaya maka. Ido ba ya gane laimar tsakiyar rami.

Ci gaba da hawa-hawa: ciyawa, ruwa, kashi, toka, ƙasa, ruwa. Bayan kowane hawa, damƙa, matse, buɗe. Kowane hawa na ce, ba na farko kaɗai ba. In rami ya cika, soka doguwar sanda a tsakiya har ƙasa, ka rufe saman da tsohuwar zana.

Bayan kwana 3 ko 4 zare sandar ka taɓa. In da zafi, alhamdu lillahi, halittun sun kama aiki. Zafin tsakiyar rami yakan kai digiri 60, shi ne ke kashe 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa. In sandar da sanyi, kada ka karaya. Koma ka gwada laima, galibi matsalar tana can. Damƙa, matse, buɗe.

Duk sati biyu a juya, na sama ya koma ƙasa, na gefe ya shiga tsakiya. Da hunturu iska tana shanye ruwa da sauri, don haka a gwada laima duk sati.

Zan faɗi wata magana, ku yi haƙuri. Na zagaya ramukan ajin da ya gabata, da yawa a bushe ƙamas. Na tambaya, aka ce an zuba ruwa. An sa hannu? Shiru. Wani ya ce ƙyama yake ji. Haba Malam! Kai da ka tashi cikin garke, yau kashin saniya ne abin ƙyama? Wani ya tura yaro da bokiti ya watsa a sama, shi yana zaune a majalisa. Wannan ba aiki ba ne. Ka sha wahalar haƙa rami, ka yi dakon kashi a amalanke, sa hannu na minti ɗaya ne zai gagare ka? Ka gama ka wanke da sabulu, shi ke nan. Ban yarda kowa ya ce mini takinsa ya ƙi ba sai ya nuna mini yadda ya damƙa, ya matse, ya buɗe.

Darasi na 4: Kai taki gona

Taki yana nuna cikin wata 2 zuwa 3. Alamarsa: ya yi baƙi, ya huce, ba wari, ba ka gane kara daga kashi. Kada a kai ɗanye. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, yana ƙona shuka. Busasshen karan da aka binne bai ruɓe ba kuwa, halittun sai su ƙwace naitirojin ɗin ƙasa don su cinye shi, masara ta yi rawaya.

A kai gab da shuka, a rufe da ƙasa nan take, kada rana ta dake shi. In bai isa gona duka ba, a zuba tafi ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka. Mai takin zamani ya haɗa da wannan, sun fi aiki tare. Wuta-wuta ma ta fi addabar gonar da ta gaji.

Darasi na 5: Gamba a iyakar gona

A tsaga gindin gamba ko jema, a dasa a layi a kan iyaka da inda ruwa ke zaizaya, bayan damina ta zauna. A tsare daga awaki shekarar farko.

Aikin gida

Rubuta waɗannan sau biyar: ra-mi, ta-ki, gam-ba, lai-ma. Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da taki cikin gwangwani daga tsakiyar raminsa, zai matse shi a gaban aji.