Masu sabon bonsai, ku bi ban-ruwa a hankali

'Yan uwa, sau da yawa yawan ruwa ne ke kashe bonsai, wato bishiyar da ake renonta 'yar ƙarama a cikin tukunya, a hannun sabon shiga. Kada ku sa wa ban-ruwa lokaci kamar shan magani. Ku tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, ku ƙyale ta. In ta fara bushewa, ku zuba har ruwan ya fito ta hujin gindin tukunyar. Ni da yawan ruwa na kashe tawa ta farko: saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya yana zuba, ni kuwa sai ƙara ruwa nake! Alhali akwai wadda ake reno tun 1625, ta tsallake bam ɗin Hiroshima, yanzu tana Amurka.

Wayar da ake naɗa wa reshe don lanƙwasa shi kuma, ku yanke ta kafin ta nutse cikin ɓawo.