Yadda ake amfani da hoton asibiti wajen gano ciwon gawut

Ciwon gawut yana tasowa ne idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini, ya haura kusan miligiram 6.8 a kowace desilita, har ya fara daskarewa cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Hanya mafi tabbaci ta gano shi ita ce a zuƙo ruwan gaɓar da sirinji a duba a madubin likita. Amma gaɓar babban yatsan ƙafa, inda ciwon ya fi farawa, ƙarama ce, sau da yawa ruwan ba ya samuwa. A nan ne hoto ke da amfani.

A fara da sikanin, wato hoton da ake ɗauka da sauti. A ɗauki kan na'ura miƙaƙƙe mai ƙarfin megahaz 12 zuwa 18, a zuba man sikanin da yawa, kada a danna, domin ko zanen gado ne ya taɓa yatsan, mai ciwon sai ya zabura. A duba babban yatsan ƙafafu biyu, har da wanda ba ya ciwo, sannan a lanƙwasa gwiwa sosai don guringuntsin ƙashin cinya ya bayyana. A leƙa jijiyar ƙoƙon gwiwa da ta bayan gwiwar hannu.

Abin nema shi ne layi biyu. A lafiyayyar gaɓa, ƙashi ne farin layi, guringuntsi kuwa baƙi ne a samansa. Idan gishirin yurik ya kwanta a kan guringuntsin, wani farin layi mai kauri zai fito, yana bin siffar ƙashin. A nan masu koyo suka fi yin kuskure: idan sautin na'urar ya sauka a miƙe kan guringuntsi, musamman in akwai ruwa a gaɓar, yakan ba da siririn layi mai ƙyalli. A ɗan karkata kan na'urar. Na bogi zai ɓace, na gaskiya yana nan daram. In kuwa farin yana tsakiyar guringuntsin ne, ba a samansa ba, a fi zargin gishirin kalsiyam, wanda ciwonsa ke kwaikwayon gawut.

Idan sikanin bai warware ba, sai siti-sikan mai haske biyu, wanda galibi ke aiki da kilobolt 80 da 140 lokaci guda. Kwamfuta takan shafa wa yurik launin kore. Sai dai farce da kantar tafin ƙafa, da ƙarfen da aka sa a tiyata, da motsin mara lafiya, duk suna iya fitowa kore. A tashin farko kuma gishirin bai taru sosai ba, hoton na iya fitowa fes alhali ciwon na nan.

Eksire ba ya nuna komai sai kumburi a farkon ciwo. Bayan shekaru ne ake ganin ramuka a gefen ƙashi, kamar ɓera ya gaigaya, da ɗan leɓe a bakinsu.

A ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka fitar a 2015, ganin yurik a sikanin ko siti-sikan maki 4 ne, ramin eksire ma 4, ana kuma buƙatar jimillar maki 8 kafin a ce gawut ne. Gwajin jini na iya nuna yurik bai hau ba a lokacin da ciwon ke ci, don haka a maimaita bayan makonni biyu zuwa huɗu. Gaɓar da ta yi zafi tare da zazzaɓi kuwa, ko da layi biyu ya fito, dole a zuƙi ruwanta, saboda hoto ba ya kore ƙwayar cuta.